Taƙaitawa kan sauya salansar Ferrari F355

Jama'a, zancen da aka yi ta yi kan wace salansa ta fi dacewa a sa wa motar Ferrari F355 a madadin ta kamfani ya yi tsawo, ga abin da na tsinta:

1. Bakin kowa ya zo ɗaya: kada ka yar da salansar kamfani. F355 daga 1994 zuwa 1999 kawai aka ƙera ta, kuma mai saye don ajiya kayan asali yake fara tambaya. A kwance ta, a naɗe, a adana inda babu danshi, har da notinanta.

2. Sabuwar salansa kuwa, a zaɓi wadda ake ɗaurewa da noti. Ban da yanka, ban da walda.

3. Kafin batun ƙarar salansa, a duba manifol, wato bututun da ke tattaro hayaƙi daga injin zuwa salansa. An san na wannan mota da tsagewa saboda zafi, in ya fara yoyo kuwa iska na shiga, injin ya ruɗe da lissafin mai, har bawul ya ƙone. Masu gyara sun nanata cewa kuɗin farko nan ya kamata ya tafi, ni ma ina tare da su.

4. Salansar kamfanin Tubi ko ta kamfanin Capristo? A nan aka rabu. Wasu na son amon Tubi mai kauri, wasu kuma kukan Capristo mai tsini in injin ya haura juyi 6,000 a minti. Masu doguwar tafiya sun koka da gunjin da ke cika kunne a babbar hanya.

5. Cire matatar hayaƙi: 'yan kaɗan sun goyi baya. Sauran suka tunatar da cewa a Amurka haramun ne ga motar titi, ga wari, ga fitilar gargaɗi da ke kunnuwa.

6. Ƙarin ƙarfin injin bayan sauya salansa kam, babu wanda ya ce ya ji wani abin kirki.