Muhawara: Shin Fim Ɗin "I Sell Anything" Ƙawata Zamba Yake Yi?

Malam Habu: Matsayina shi ne wannan fim, wanda kamfanin Warner Bros. ya fitar a 1934 bisa umarnin darakta Robert Florey, ya yi wa zamba ado. Pat O'Brien ya fito a matsayin mai gwanjo a birnin New York, yana dasa yaransa cikin taro suna yin tayin ƙarya domin farashi ya hau, kuma an ba shi zaƙin baki har mai kallo ya manta cewa cutar mutane ake yi. Wannan tayin ƙarya shi ne malamanmu suke kira najashi, kuma haramun ne.

Hajiya Rabi: Malam, ban yarda ba, domin ka tsallake tsakiyar labarin. Wata mata 'yar manyan gari ta sayi ƙarfen ɗamara a hannunsa, yana murna ya yi mata wayo, ashe aikin Benvenuto Cellini ne, shahararren maƙerin zinariya na Italiya a ƙarni na 16, wanda darajarsa ta ninka abin da ta biya sau da yawa. Mutumin da bai san kimar hajar da ke kan teburinsa ba, ta yaya za a ce an ɗaukaka shi?

Malam Habu: Hajiya, asarar ba ta sa ya tuba ba. Ƙara masa kwaɗayi ta yi, ya koma unguwar attajirai yana sayar musu da kayan tarihi na jabu.

Aminu: Ranku ya daɗe, akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni. Shekara bakwai ke nan kacal da fitowar The Jazz Singer a 1927, fim ɗin da ya buɗe zamanin finafinai masu magana, kuma kamfanoni suna neman sana'ar da jarinta murya ce, irin ta ɗan jarida da lauya da mai gwanjo. An san O'Brien da saurin magana tun fim ɗin The Front Page na 1931, don haka zaƙin bakin haja ce ta kamfani.

Hajiya Rabi: Ka taimake ni, Aminu. Ƙari kuma, masu kallon 1934 suna cikin ƙuncin da ya biyo bayan rushewar kasuwar hannun jari ta Amurka a 1929, lokacin da gwanjon gonaki da kayan ɗaki ya zama ruwan dare. Mai guduma, wato mai gwanjo da ke buga guduma idan ciniki ya faɗa, ba baƙo ba ne a wurinsu, ba sa buƙatar a faɗa musu ko shi wane ne.

Malam Habu: To ai nan damuwata take, Hajiya. Wanda aka yi gwanjon gadonsa jiya, yau an karɓi kuɗin tikitinsa domin ya yi wa mai guduma dariya.