An yi mini tayin hannun jari a dokin tsere a Ingila, in shiga ko in ƙyale?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum. Wana da ke zaune a Ingila ya kira ni ranar Juma'a, ya ce su ashirin ne za su haɗa kuɗi su sayi dukushi ɗan shekara ɗaya a gwanjon Tattersalls da ake yi a Newmarket cikin Oktoba, kuma ya ajiye mini gurbi. Ya ce dokin irin Thoroughbred ne, idan ya fito za a saka shi a manyan tseren da suke kira stakes. Ni iyakar sanina da doki shi ne wanda ake yi wa kwalliya ranar Sallah. Ina roƙon masana su warware mini waɗannan kalmomin biyu, Thoroughbred da stakes, sannan su gaya mini ko zan iya kawo dokin Accra idan ya gama zamaninsa.

Malam na Sabon Zango:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Thoroughbred zuriya ce da aka tsare nasabarta a rubuce tun 1791, kuma ta wajen uba kowane ɗayansu yana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga gabas: Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian. Ba a yi wa dukushi rajista sai idan ingarma ya yi wa goɗiya barbara da kansa. Shi kuwa stakes, asalinsa tseren da masu dawaki ke zuba kuɗin shiga a haɗa cikin kyauta, kuma a Turai tun 1971 aka kasa manyansa aji uku, ajin farko shi ne ƙololuwa.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne lissafin shekaru. A can duk dokin tsere ana ƙara masa shekara ranar 1 ga Janairu, ko da a Afrilu aka haife shi. Fitattun tseren Ingila, wato 2000 Guineas a Newmarket wajen farkon Mayu, da Derby a Epsom cikin Yuni, da St Leger a Doncaster cikin Satumba, na 'yan shekara uku ne kaɗai, haka ma Kentucky Derby na Amurka. Ke nan dukushin da za ku saya bana sai baɗi zai fara gudu, damarsa ta waɗannan tseren kuma sai shekarar da ke biye, kuma sau ɗaya tak take zuwa. Idan tari ya kama shi a makon, ko ƙafa ta kumbura, shi ke nan ta wuce.

Baba Aboabo, Kumasi:
Yaro, maganar kawo shi gida ka cire ta daga ranka. Na taɓa sayen wani dogon doki mai jinin waje a hannun wani dillali, na ɗaure shi a bayan gida, ina ba shi harawa da dusa da kanwa da hannuna. Damina ɗaya ya yi. Da asuba na tarar da shi kwance, kumfa na fita ta hancinsa, saman idanunsa ya kumbura, kafin likitan dabbobi ya iso ya riga ya cika. Likitan ya ce cutar dawakin Afirka ce, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, ga kuma tsando da sammore suna jira a gefe. Dawakinmu na arewa ma da ƙyar suke jure kurmin nan, balle wanda ya tashi cikin sanyi. Kuma ina za ka sukwane shi? Filin sukuwarmu na Kumasi sunan kawai ya rage, 'yan kasuwa ne suka cika shi.

Hajiya Mamobi:
Ƙanena, ni ban san doki ba, amma na san haɗin gwiwa, domin da shi na fara fataucin atamfa. Sayen doki sau ɗaya ne, cinsa kuwa kullum ne, ko ya yi tsere ko bai yi ba. Akwai kuɗin mai horarwa, da na likita, da na mai gyaran kofato, da na motar da ke kai shi fili, kuma duk da fam za ka biya alhali kai sidi kake samu. Tsada ma ba ta tabbatar da gudu: a 2006 an sayi wani doki mai suna The Green Monkey dala miliyan 16 a Amurka, ya yi tsere uku bai ci ko ɗaya ba. Ka ce wa wanka ya aiko da yarjejeniyar a rubuce, ka duba wa ke da ikon sayar da dokin, da kuma yadda mutum zai fita idan ya gaji. Batun kuɗin shiga da ake haɗawa cikin kyauta kuma, ka kai shi gaban malaminka tukuna, kada a wayi gari ana ce maka caca ka shiga.

Ɗan Nima:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake kiran Yaya da daddare na tambaye shi nawa ne kuɗin wata, sai ya yi shiru, daga baya ya ce shi ma bai tambaya ba, kuɗin saye kawai aka gaya masa. Ya yi alkawarin karɓo takardar ranar Litinin. Malam, idan ta iso zan kawo maka ita Sabon Zango bayan La'asar mu karanta tare.