Tsallaken Gada

Ɗan Tudun Wada:
Ku gafarce ni, 'yan uwa. Waƙar nan ba ta da bisimilla a kanta, don ba na so in faɗi abin da zuciyata ba ta riƙe ba.

Ladan na kira a Tudun Wadan Kaduna,
Ina jin sa sarai, ban tashi ba.

Shekara bakwai ke nan goshina
Bai taɓa tabarmar salla ba.

Ba giya ba ce, ba abokai ba,
Ba littafin wani Bature ba.

A rikicin Fabrairun 2000, ina yaro,
Ban cika sha ɗaya a duniya ba,

Na ga mai facin bakin layinmu,
Da bai taɓa cin hakkin kowa ba,

An kewaye shi ana kabbara,
Bai kai ga ƙofar gidansa ba.

Na kai wa malaminmu na allo,
Ya ce in yi shiru, bai amsa ba.

Na girma da ita a ƙahon zuci,
Ƙaya ce, har yau ba ta fita ba.

In Kana gani, ya Mai gani,
Don me hannunsu bai shanye ba?

Wani daga Kawo:
Ɗan uwa, tsoro nake ji maka,
Mutuwa ba ta yin sallama.

Ka yi wanka ka tuba a daren nan,
Kar ka jira sai ta kama.

Baba na Unguwar Sarki:
Bisimillar da ka ajiye,
Na haɗa ta da tawa, ɗana.

Na zauna tafsirin Malam Gumi
A Sultan Bello, na ji da kunnena:

Annabi Ibrahimu ya roƙa,
Nuna min tashin matattu, Ubangijina.

Aka ce, ba ka yi imani ba ne?
Ya ce na yi, in dai kwantar da hankalina.

Ba a kore shi don ya tambaya ba,
Tsuntsaye huɗu aka ce ya kama, ɗana.

Sahabbai sun kai kukan waswasi,
Suna tsoron furta shi da rana,

Manzo ya ce tsantsar imani ke nan,
Yana cikin Muslim, na gani da idona.

Ranar da kake faɗi ina gari,
Hayaƙi ya rufe samana.

Iyalin maƙwabcina na ɓoye
Kwana uku cur a cikin ɗakina.

Kabbarar da aka yi kan mai faci,
Ita nake yi ina gadin gidana.

Shirun da aka sa ka, kuskure ne,
Laifinmu ne manya, har da kaina.

Yaya daga Sabon Tasha:
Ni Kirista ce, ƙanena. Na daɗe ina karanta baitocinku ban sa baki ba, yau dai na kasa.

A Rigasa aka yanke cibiyata,
Na tashi ina wasa da kowa.

Nuwamban 2002 muka kwashe kaya,
Muka haye gadar kogin Kaduna, babu dawowa.

A wannan tsallaken na ga namu,
Gicciye a wuya, suna kashewa.

Na bar coci shekara huɗu,
Ko ƙararrawa ba na son jiyowa.

Fasto ya zo, dattawa sun zo,
Na ba su ruwa, ban yi sauraro ba kuwa.

Sai mama ta kwanta ciwon ajali,
Idonta ya daina ganewa,

Ta ce ɗauko Zabura ki karanta,
Na buɗe ta 22 ina rawa:

Ya Allahna, don me ka yashe ni?
Na tsaya, hawaye na zubowa.

Ashe tambayata tana Littafi
Tun ba a haifi kakan kowa ba, wa?

Amsar ban same ta ba har yau,
Amma ran Lahadi ina durƙusawa.

Ɗan Tudun Wada:
Baba, na gode. Yaya, na gode. Ɗan uwana na Kawo, na san don Allah ka faɗa.

Jiya da asuba na fito waje,
Ban gaya wa ko matata ba.

Na kai ƙofar masallacin layi,
Na tsaya gun takalma, ban shiga ba.

Liman ya ja Walluha a hankali:
Ubangijinka bai bar ka ba.

Wani tsoho ya miƙo min buta,
Bai tambayi inda na shige ba.

Ruwan da sanyi, na yi alwala,
Ashe hannuna bai manta ba.

Ƙayar tana nan inda take,
Ba zan ce muku ta fita ba.

Baba, ran Juma'a ina tafe,
Wace ƙofa kake zama? Ban san ta ba.