Don Allah ku taimaka, lissafin yiwuwa zai kayar da ni

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na koma karatun ƙarshen mako bayan haihuwa ta uku. Maigida ne yake biyan kuɗin a daddafe, ga uwar miji tana ta cewa me mai 'ya'ya uku za ta yi da takarda. Daga Sharaɗa nake hawa adaidaita sahu, kuma sai yara sun yi barci nake buɗe littafi, in babu wuta da fitilar waya. A gwaji aka ce an jefa dais biyu na ludo, mene ne yiwuwar jimillarsu ta zama 7? Na rubuta 1/11, tunda daga 2 zuwa 12 lamba 11 ce. Malam ya soke da jan biro. Ga kuma batun samfuri, wato ɗiban kaɗan don a kimanta duka, shi kam ko alif. Ya zan yi?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Hajiya, malaminki ya yi daidai. Kowane dais fuska 6 ne, biyu kuwa faɗuwa 36 ke nan. 7 tana fitowa ta hanya 6: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, sai ki juya su. 6/36, wato 1/6. Ita 12 hanya ɗaya tak, shi ya sa siki biyu yake wuya.

Uwar Biyu: Yar uwa, bar wahalar da kanki. Nemi tambayoyin shekarun baya ki haddace. Ni mai lesin ɗin yarana ya karɓi kuɗin wata biyu ya ɓace, har yau wayarsa a kashe.

Malamin Lissafi: Hadda ce ta kashe mana lissafi! A canza 7 zuwa 8, ta zauna. Samfuri kuwa, je Dawanau ki ga yadda mai sayen gero yake soka buhu sama, tsakiya da ƙasa, ba ya yarda da na baki kaɗai. Kowace ɗiba matsakaicinta daban. In kika ninka ɗibar sau 4, kuskuren kimantawar rabi kawai yake raguwa.

Mai tambaya: Malam na gode, amma 3 da 4 ai ɗaya suke da 4 da 3. A ludo dai taku bakwai za ka yi. Kuma hadda ce ta fitar da ni a WAEC.

Ɗan Kwari: Aunty, ni ko sakandare ban gama ba, amma yadi dubu nake lissafawa da ka. Masu digiri ke zuwa neman tsaron shago.

Malamin Lissafi: Hajiya, samo dais ja da fari. Ja 3 fari 4 daban, ja 4 fari 3 daban. Jefa su sau 100, ki rubuta abin da ya fito.

Mai tambaya: Da wane lokacin? Jarrabawa ranar Asabar ce. Kuma a tambayar ba a ce dais ɗin kala biyu ba ne. Wa yake da lambar wani mai lesin a Sharaɗa?

Uwar Biyu: Kar dai ki biya kafin aiki.