Wai Stubbs Mai Zane Ne Ko Mahauci?

Mai Burushi: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Sati shida ina zana ingarman wani alhaji da fentin mai, na kai masa, ya kalla sama-sama ya ce ƙafar bayan kamar ta raƙumi, ya hana ni cikon kuɗina. Mutanenmu ba su san wahalar zanen doki ba wallahi. George Stubbs, mai zanen dawaki, ɗan majemi daga Liverpool, sai da ya tare a wani gidan gona a ƙauyen Horkstow na Ingila a 1756, ya yi wata 18 yana feɗe dawaki kamar mahauci, sannan ya fitar da littafinsa kan ƙirar jikin doki a 1766. Shi masu sarautar Ingila rububinsa suke yi. Ni ko kuɗin fenti ban mayar ba.

Ɗan Fawa: Dakata malam. Wane ne mahauci? Mu da bismillah muke yanka, jama'a su ci. Mutumin nan jijiyar wuya yake buɗe wa doki jini ya tsiyaye har ya mutu, ya ɗura masa narkakken kitse a jijiyoyi, ya rataye shi da ƙugiyoyi, ya yi makonni yana ɓare shi fata bayan fata cikin ɗoyi. Wannan ai wasa da mushe ne. Kada ka haɗa mu da shi.

Mai Burushi: "Kamar" na ce, yallaɓai.

Ɗan Fawa: Kamar ɗin ce ba ma so.

Dakta Nomau: Ku biyun kun kauce. Aikin likitan dabbobi ya yi. Zane 18 ne a littafin, kuma shi ya sassaƙa su a kan tagulla da hannunsa. Ku nemi mahaucin da zai lissafa muku ƙasusuwan ƙafar doki.

Ɗan Fawa: Dakta, zo kwata gobe da asuba ka ga wanda ya san gaɓa. Kai da littafi ka koya, mu gado muka yi.

Jikan Shamaki: Ni abin da ya dame ni daban ne. Na ga hoton Whistlejacket, dokin da Stubbs ya zana, da ake ta kururutawa: jan doki mai farar geza, ya ɗaga ƙafafun gaba, tsayin zanen ya kusa mita 3. Ba mahayi, ba sirdi, ba linzami, bayansa fayau. Doki tsirara! An ce ma sarki za a ɗora a kai aka fasa. A hakan National Gallery, ma'adanar zane-zane ta Landan, ta zuba fam miliyan 11 a 1997. Da sun zo hawan Daushe sun ga doki da kaya.

Bakatsine: Kullum Kano, kullum Daushe. In maganar doki ake, a tambayi Katsina. Ku ado kuka iya, mu hawa.

Jikan Shamaki: Ƙanena, wa ya kira ka?

Dakta Nomau: Whistlejacket ɗin jikan shahararren ingarman nan Godolphin Arabian ne fa, wanda ya bi ta Tunis kafin ya isa Turai.

Bakatsine: To ashe ma namu ne na Afirka.

Hajiya Uwar Biyu: Duk surutunku ba wanda ya tuna Rosa Bonheur. Mace ce mai zanen dabbobi a Faransa, ita ma ta shiga mayanka, har takardar izinin sa wando ta karɓa wurin 'yan sanda don ta yi aikinta. Ko don mace ce?

Ɗan Fawa: Hajiya, ita kallo ta je, ba ta ce ita mahauciya ce ba.

Mai Burushi: To ciko na fa? Ba wanda zai ce komai?

Bakatsine: Turo hoton mu ga ƙafar tukuna.

Admin: Na rufe nan. Abin da aka tsayar: Stubbs ba mahauci ba ne, kuma fawa sana'a ce mai daraja, kakana na wajen uwa ma ita ya yi. Mai Burushi ya janye kalmarsa. Maganar Kano da Katsina ba gardama a ciki, kowa ya san Daushe. Duk wanda ya sake rubutu zan cire shi.