Ta ina zan ga ruwan taurarin Agusta ga hadari ya tare gabas?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Tawa nake, ina neman shawarar masu kallon sama.

Kowace shekara wajen 12 da 13 ga Agusta duniya tana ratsa ƙurar da tauraro mai wutsiya Swift-Tuttle ya bari, ƙurar tana ƙonewa a iska, sai a ga kamar taurari na zubowa. Daga arewa maso gabas suke fitowa, kuma sun fi yawa daga tsakar dare zuwa asuba. To ga matsalar: tsakiyar damina ke nan, kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa. Ko ba a yi ruwa ba, gajimare ya rufe wannan kusurwar, ga fitilun gari, ga sauro ba ya barin mutum ya zauna.

Shin dole sai na fuskanci arewa maso gabas, ko in na shimfiɗa tabarma na dubi tsakiyar sama ya isa? In daren 12 ya ɓaci, kwana nawa kafinsa ko bayansa ake iya dacewa? Sannan madubin hangen nesa na hannu yana taimakawa a nan? Ni dai gani nake yana ƙuntata min sama ne kawai.

Wanda ya taɓa gwadawa a bayan gari, don Allah ya faɗa min yadda ya yi. Na gode.