Wace manhajar ganguna za ka ɗauka?

Da aka tattauna kan manhajojin ganguna, wato masu fitar da sautin ganga a kwamfuta, ra'ayin masu haɗa kiɗa a gida ya fi karkata ga abu guda: ka fara duba ƙarfin kwamfutarka da irin kiɗan da kake yi kafin ka zaɓa.

Ga mai rubuta waƙa da ke son ganga ta shigo nan take, EZdrummer na kamfanin Toontrack aka fi ambata. Sautinsa a gyare yake, ga tarin kiɗe-kiɗe da aka riga aka buga, sai dai ka ja ka ajiye a cikin waƙarka. Addictive Drums 2 ma ya samu yabo saboda ba ya wahalar da kwamfuta. Superior Drummer 3 kuwa na masu haƙuri ne. Cikakken rumbun sautinsa ya haura gigabait 200, kuma za ka iya daidaita sautin kowace makirufo da aka naɗi gangunan da ita da hannunka. Wanda bai shirya kashe kuɗi ba, ya fara da MT Power Drum Kit 2, kyauta ne.

Shawarar da ta fi shiga raina ita ce ta ƙarfin bugu. Komai tsadar manhaja, idan duk bugun ya fito da ƙarfi iri ɗaya, kunne zai gane inji ne. Ka sassauta wasu, ka ɗan gusar da wasu daga daidai lokacin bugunsu, ka kuma tuna makaɗi hannu biyu ke gare shi da ƙafa biyu, kada ka sa shi bugun abu biyar lokaci guda.